Ina Ɗokin Sallar Hunturu Ya Tafi?

Duk lokacin da aka dawo daga hutun sallah akwai wata gaisuwa da ta kusa zama al'ada a tsakaninmu. Ka ce wa mutum, "An yi sallah lafiya?" ya ce maka, "Lafiya lau, amma fa sallar bana lami ce." Bara ma haka ya ce, bara waccan ma haka. In ka matsa masa da tambaya sai ya kawo maka tsadar rayuwa, ko ya ce zamani ne ya lalace, zumunci ya yi ƙaranci, sallah ta tafi da mutanen da. Ni ma na daɗe ina cikin masu wannan magana, har ma nakan ƙara mata gishiri. Amma yanzu na sauya ra'ayi, kuma dalilin sauyawar ne nake so in baje a wannan fili, wanda ya ga gyara ya gyara mini a fitowa ta gaba.

Da yake mu masu nazarin harshe ne, bari mu fara tantance abin da ya ɓace. Murna ba ta ɓace ba, domin har gobe babba yakan yi murna in ya kammala azumi lafiya, ko in Allah ya hore masa abin layya. Abin da ya ɓace shi ne ɗoki, wato wannan zaƙuwa da kan hana yaro barci a daren jajibere, ta sa shi tashi tsakar dare ya shafa sabon takalminsa ya tabbata yana nan. Murna takan zo bayan abu ya samu, shi kuwa ɗoki kafin abu ya zo yake rayuwa, da zarar abin ya iso sai ya fara ja da baya. (A kula da ƙugiyar nan ta kan "ɗ". Wanda ya buga wannan rubutu in ya mance da ita, to ya mayar da zancena kan dokin sallah, wanda sarki ke hawa, alhali shi wannan yana nan a bargarsa bai je ko'ina ba.)

A Sabon Garin Minna aka haife ni, a nan kuma na yi wayo. Wanda ya san Minna ya san gari ne na Gwarawa wanda hanyar jirgin ƙasa ta haɓaka tun farkon zamanin Turawa, sannan ya zama babban birnin Jihar Neja da aka ƙirƙiro a 1976. Saboda haka ba kamar Sabon Garin Kano ko na Zariya ba, inda Bahaushe ke ɗan gari sauran jama'a baƙi, mu a namu kusan kowa zuwa ya yi, ko shi ko kakansa. A layinmu kaɗai akwai Hausawa da Nufawa da Gwarawa da Yarbawa da Ibo, kuma Hausa ce ke haɗa mu wasa, kowane yaro da irin karin da ya ɗauko daga ɗakin uwarsa.

Sallar da ba na mantawa ita ce ƙaramar sallar ƙarshen shekarar 2000, ina ɗan shekara 9. A wannan shekara Kirsimeti da sallah cikin mako ɗaya suka faɗo, ga kuma sabuwar shekara na biye, ga makarantu suna hutun ƙarshen zango. Hunturu ya kankama. Sanyin Minna bai kai na Kano ko Jos ba, amma ya isa ya tsaga mana leɓe ya sa mana faso a dunduniya, ya mayar da ƙafafunmu fari fat kamar mun yi kokawa cikin toka. Hazo kan rufe duwatsun da ke kewaye da gari har hantsi. Da sahur Inna kan hura gawayi a tsakar gida, mu yara da ba a tilasta mana azumi ba mu tashi don jin ɗumi da lasar kwano, muna lissafin saura kwana nawa. Da rana kuwa aikinmu ɗaya ne, sintiri a ƙofar shagon tela. Kullum mu je ya ce gobe, mu leƙa mu hango yadinmu a ƙasan tuli ko yanka shi ba a yi ba, mu dawo gida kamar mu yi kuka, gobe kuma mu koma.

Ranar Kirsimeti maƙwabciyarmu, wata 'yar ƙabilar Ibo da duk layi ke kira Mama, ta aiko da kajinta tun da safe Baba ya yanka mata, kamar yadda ta saba kowace shekara, domin mu ma mu iya ci. Da yake ana azumi, sai ta riƙe kwanon gidanmu har aka kusa kiran magariba sannan ta aiko 'yarta da shi, shinkafa da miya da cinyoyi a sama. Da dare muka bi 'ya'yanta muna fasa abin ƙarar nan da yara ke kira nokawut, tsofaffi na zaginmu ta taga. Ba a jima ba sai ga mu kewaye da rediyon Baba ana jiran sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, a lokacin marigayi Muhammadu Macciɗo ne. Da aka ce an ga wata, ihun da muka yi sai da ya tashi kajin maƙwabta. Washegari kwanon nan na Mama ya koma mata cike da waina da miyar taushe.

Safiyar sallar ma abin tunawa ce. An yi mana wanka da ruwan zafi muna karkarwa, an mulke mu da man kaɗanya har muna ƙyalli, aka ce mu sa rigar sanyi a ƙarƙashin sabon kaftani muka ƙi, wai kada ta ɓata mana ado. Ga tabarau na roba, ga agogon da ba ya tafiya. Bayan an sauko daga idi muka kutsa cikin taro don mu hango tawagar Sarkin Minna, Alhaji Umar Faruk Bahago, daga nan sai yawon sallah. Mukan taka daga Sabon Gari mu shiga Limawa da Kwangila, wata rana har Bosso, gida-gida, muna "Barka da sallah" a ba mu naira 5 mai hoton Tafawa Ɓalewa ko naira 10, in an dace a sami Murtala. A gidan wani kawunmu ne na fara riƙe naira 100 mai hoton Awolowo, wadda ba ta daɗe da fitowa ba, aka ce mu raba mu huɗu. Mun kusa yin dambe a kan wanda zai riƙe ta zuwa gida.

To, ga abu na farko da ya fara raunana tsohon ra'ayina. Na lura duk lokacin da iskar hunturu ta kaɗo, na ji ƙamshin ƙura da hayaƙin gawayi, sai sallah ta faɗo mini a rai, ko da kuwa saura wata biyar a yi ta. Dalili kuwa a lissafin kwanan wata yake. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya kuwa 365, saboda haka kowace shekara sallah takan matso gaba da kimanin kwana 11, sai ta yi wajen shekara 33 kafin ta zagayo inda ta baro. Mu da ƙuruciyarmu ta faɗo tsakanin ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2009, kusan kowace shekara sai ɗaya daga cikin sallolin biyu ta zo mana cikin sanyi. Ƙaramar sallar 2001 a tsakiyar Disamba aka yi ta, babbar sallah kuwa sau biyu aka yi ta a 2006, ɗaya a Janairu ɗaya a ƙarshen Disamba. Shi ya sa muka ɗauka sallah da hunturu tagwaye ne. Yaron da aka haifa a 2012 kuwa bai san wannan ba sam. Shi sallarsa ta damina ce da bazara, ta hadari da taɓo a filin idi, ko ta zafin Minna na watan Maris mai sa sabuwar shadda ta manne a baya, kamar yadda aka yi a 2025. Ina da tabbacin nan da shekara 20 shi ma zai zauna ya ce ba sallar da ta kai wadda aka yi ana ruwa, ƙamshin ƙasa na tashi. Ke nan kowa sallar ƙuruciyarsa ce ta fi, ko cikin sanyi ta zo ko cikin zufa. Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma ba su ce laifin bana ba ne.

Mu 'yan hunturu ma akwai jarrabawa a gabanmu. Bisa lissafi, ƙaramar sallah za ta sake faɗowa kusa da Kirsimeti a ƙarshen Disambar 2033. In Allah ya kai mu, hazo zai dawo, faso zai dawo, makarantu za su kasance cikin hutu, komai zai koma mazauninsa na 2000. A ranar za mu gani ko sanyi ne ya tafi da ɗokinmu. Ni dai na riga na san amsar da zan samu, domin a lokacin na haura shekara 40.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi a zuciyata. Bayan rasuwar Baba, muna kwashe takardunsa daga wata tsohuwar akwatin ƙarfe, sai na ci karo da wani ɗan littafi da yake rubuta shige da ficen kuɗinsa. Ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai tsari, ko kuɗin goro sai ya rubuta. Ina buɗawa na kai kan Disambar 2000. Ga yadin kaftaninmu mu huɗu, ga atamfar Inna da ta yayyena mata, ga takalma, ga kuɗin tela, a gefen kowanne an rubuta "bashi". Na bi shafuka ina ganin yadda yake biya kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata, bai gama ba sai da aka kusa babbar sallah, inda sabon lissafi ya hau kan tsoho. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ban ga inda ya rubuta nasa ɗinkin ba. Na koma kan hoton da muka ɗauka a gidan hoto ranar, sai na gane babbar rigar da ke jikinsa ita ce dai wadda ya yi sallar da ta gabata da ita, wanki da guga kawai ta sha.

Na kai wa Inna littafin na nuna mata. Ta yi dariya ta ce, "Yo kai da kana tsammani daga sama kayan ke faɗowa?" Sannan ta ba ni nata labarin, na adashin da takan shiga tun watan Rajab don kuɗin fulawa da mai da sukari, da daren jajibere da ba ta runtsawa, daga suyar cincin da dubulan zuwa jiƙa shinkafar waina, ga kitso da lallen 'yan mata, ga hayaƙi cikin ido, ga sanyi na dukan baya. Na ce, "Inna, to ku kuna jin daɗin sallar kuwa?" Ta ce, "Muna jin daɗi mana, in mun ga kun fita tsaf ba wanda ya fi ku. Amma daɗin sallah na gaske ai a Bida na baro shi, a gidan Nna." Kun ji fa. A shekarar da nake ɗauka ita ce ƙarshen daɗi a duniya, ita ma uwata kewar tata sallar take yi, ta zamanin da wata ke hura wutar ita tana barci.

Daga nan na fahimci cewa ɗokin nan da muke nema ba da kansa ya tsiro ba, wasu ne suka saya mana shi da guminsu, suka kuma ɓoye mana farashin. Yaro na ganin riga, babba na ganin kuɗin yadi. Karin maganar nan ta sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, da muna rera ta muna dariya, ashe a cikin gidanmu akwai mai bashin, kuma ba wawa ba ne, uba ne da ya ƙi yarda 'ya'yansa su raɓe a bango ranar da 'ya'yan wasu ke yawo. Wannan kuwa ba a ƙasar Hausa kaɗai ba ne. A Ingila da Amurka, inda Kirsimeti ke zuwa cikin tsananin sanyi, akan ce wa yara wani tsoho mai farin gemu ne ke kawo musu kyauta da dare, kuma ranar da yaro ya gane iyayensa ne ke saye, ranar ce ya fara fita daga ƙuruciya. Mu ba mu da tsoho mai gemu, amma kowannenmu yana da ranar da ya ci karo da littafin Baba.

Akwai kuma ƙaranci, wanda shi ne itacen da ke hura wutar ɗoki. A gidanmu sau biyu ake ɗinki a shekara, kaza kuwa sai da dalili, lemon kwalba sai baƙo ya rage. Yau ɗalibin da ke da ɗan abin hannu yakan ɗinka kaya don bikin aboki, ya ci kaza a bakin titi ranar Talata ba sallah ba suna. Abin da kake samu duk lokacin da ka so ba ka ƙirga masa kwanaki. Hatta ganin dangi haka ne. Kafin wayar salula ta shigo a 2001, wani kawun ba ka jin muryarsa sai sallah, yanzu kuwa kullum kuna tare a WhatsApp har ka gaji da saƙonninsa.

Kada a ce na wanke zamani tas. Masu kukan tsada suna da hujja, kuma lissafi na bayansu. A 2000 mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 5,500 ne, litar fetur kuwa naira 22, wato albashin zai sayi lita 250. A 2024 an mayar da albashin naira 70,000, amma bayan cire tallafin mai a 2023, litar ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama kafin ƙarshen 2024, wato abin da bai wuce lita 70 ba. Uban da ke cikin wannan hali ko bashin ma ba kowa zai ba shi ba. Haka nan maganar tsaro. Harin bom da aka kai cocin Madalla, a nan cikin Jihar Neja, ranar Kirsimetin 2011, ya sa maƙwabtanmu sun shiga zuwa ibada da fargaba a ranar da ta fi kowace rana daɗi a wurinsu. Sace ɗaliban Islamiyya fiye da 100 a Tegina a 2021 ya sa iyaye da yawa ba sa yarda yaro ya yi nisa da ƙofar gida. Tafiyar da muka riƙa yi a ƙafa daga Sabon Gari zuwa Bosso ba babba a tare da mu, yau ni kaina ba zan bar ɗan shekara 9 ya yi ta ba. Waɗannan asara ce ta gaske, kuma yara ne suka yi ta, ba mu ba.

Amma fa a lura, ko a 2000 ɗin manya kukan tsada suke yi. Ina jin su a majalisar ƙofar gida suna cewa sallar bana ba ta yi armashi ba, sallah sai zamanin da ake kashe sule da sisi. Mu kuwa ko a jikinmu, muna can muna ƙirga Murtala. Shi ya sa in ɗalibi ɗan shekara 25 ya ce mini tsada ce ta kashe masa ɗoki, nakan tambaye shi, "In aka ba ka naira miliyan ɗaya a daren jajibere, za ka kwana da takalmi a ƙarƙashin matashi?"

Inda nake da ƙorafi a kanmu, mu da muka fara girma, shi ne abin da muke yi da wannan rashin ɗoki. Da yawanmu da an sauko daga idi sai mu ɗauki hoto mu watsa a Facebook, mu shige ɗaki mu kulle, mu yi barci har la'asar, in an tambaya mu ce ai sallah ta yara ce. To yawon sallah ba ya yiwuwa sai akwai wanda ya zauna a gida ya buɗe ƙofa. Gidajen da muka riƙa shiga muna fitowa da naira 10 da cincin a aljihu, masu su ma sun gaji, su ma suna son barci, amma suka shimfiɗa tabarma suka tanadi canji suka jira mu. Wasunmu kuma sun koma tura goron sallah ta asusun banki zuwa wayar iyayen yaro. Kuɗin ya isa, ba shakka, wataƙila ma ya fi amfani, amma yaron bai durƙusa ya gaishe ka ba, bai ji ƙamshin sabuwar takarda ba, bai ɓuya a bayan ƙyaure ya ƙirga ba. Mafi muni shi ne mu zauna a gaban yara muna cewa sallar yanzu ba sallah ba ce, ta zamaninmu ita ce sallah. Yaro yana tsakiyar tasa shekarar 2000 ɗin, kai kuma kana gaya masa ya makara. Baba bai taɓa gaya mana haka ba, duk da littafin da ke cikin akwatinsa.

A ƙaramar sallar 2025 na je gida Sabon Gari. Mama ta daɗe da komawa garinsu, gidanta wasu ne a ciki, ba mu saba da su ba. Da jajibere Inna ta sa aka kai musu waina duk da haka, ta ce kwano ba ya sanin hanya sai an fara aika shi. Ni kuma na sha yawo kafin in sami canjin 'yan naira ɗari-ɗari masu ɗan kyau, na biya wa 'ya'yan Yaya kuɗin ɗinki, na tsaya a shagon tela har ƙarfe ɗaya na dare ina jiran a sa maɓalli, zufa na karyo mini, sauro na cizo. Ban ji wani ɗoki ba, ƙafafuna ne kawai ke ciwo, ina ta lissafin abin da ya rage mini na komawa makaranta.

Da asuba, tun ba a yi kiran farko ba, na ji ana taɓa mini ƙafa. Ƙaramin ɗan Yaya ne, ɗan shekara 6, tsaye a kaina da singileti, ya riga ya sa sabon takalmi, na dama a hagu na hagu a dama. Ya ce, "Baffa, gari ya waye?" Na ce bai waye ba, ya koma ya kwanta. Bai fi minti goma ba ya dawo.